Shaidar da Ban Karanta Ba

Ni mahaifiyarku ce ke rubuta wannan da hannuna, hankalina garau, kada wani ya ce ciwo ne ke magana. Likita ya gaya mini sauran kwanakina ba su da yawa.

Na ɗaya. Gida da abin da ke ciki a raba yadda Allah ya ce. Rigar alƙalanci kuwa, kada wanda ya rataye mini ita a falo yana nuna wa baƙi.

Na biyu. Shekara talatin da ɗaya na yi a kujerar babbar kotu, ko biro ban taɓa karɓa daga hannun mai ƙara ba. Ƙa'idata guda ce: abin da ban rubuta da hannuna a zaman kotu ba, bai faru ba. A nan kuwa na yi tuntuɓe. A shari'ar wani direba da ake zargi da kisa, littafina ya cika ana tsakar ba da shaida. Na buɗe sabo, na rubuta maganar wata nas da ta rantse yana kwance a asibiti ranar da aka yi kisan. Aka ɗage zama wata huɗu. Da na zo rubuta hukunci, tsohon littafin kaɗai na ɗauka. Ɗaurin rai da rai na yi masa, talaka ne, ba mai ɗaukaka masa ƙara.

Na uku, kai Lauya, babban ɗana. Da na tsinci littafin na biyu a durowa bayan na yi ritaya, kai na ba, na ce ka kai shi kotun ɗaukaka ƙara. Shekara biyu kana ce mini ana kai. Ashe kulle shi ka yi a ofishinka, wai kada sunan gida ya ɓaci kana neman kujerar alƙali. Tir! Ni kuskure na yi, kai da gangan ka yi. Wallahi ina jin kunyar ka, kuma ban yafe ba.

Na huɗu. Auta, ke za ki karɓo littafin ki kai da ƙafarki. In ya hana ki, ki je wurin magatakardan kotun da wannan takarda, sa hannuna na ƙasa. Kada ki ji tsoron yayanki, baki ne da shi kawai.

Allah ya yi muku albarka, ku riƙe juna, kada ku watse a kan wannan. Kai kuma Lauya, ranar da mutumin nan ya fito, ka tsaya a ƙofar gidan yari ka roƙe shi gafara. In ya yafe maka, na yafe.