Jitar Baban Ummi a Rabon Gado

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.

Malam Sagiru,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya tare da iyali. Allah ya saka da alheri kan zaman makokin da kuka yi mana. Ka yi haƙuri da takarda. Wayata tana hannun Inna, mahaifiyar marigayi, ta ce mai takaba ba ta hira a waya. Shi ya sa na ba matarka Sa'adatu ta kawo maka.

Ranar Asabar za a raba gadon Baban Ummi. An kulle kayansa a ɗaki, har da jar jitarsa mai aiki da lantarki. Baba Maje, ƙanen mahaifinsa, ya ce kayan kiɗa ba sa shiga gado, fasa ta za a yi a rage wa mamaci nauyi. Malam Zakariyya mai rabon ya ce a fara kawo wanda ya san darajarta. Na ba da sunanka, tunda tare kuke kiɗan biki.

Roƙona ɗaya ne: ka ce mai tsada ce. Baba Maje ba zai fasa babbar dukiyar marainiya a gaban mutane ba. Kuma ba ƙarya za ka yi ba, shi da kansa ya gaya mini irinta ba ta da yawa a Kano. Rigunansa kowa ya ɗauka. Ita nake so ta zauna a ɗakina.

Ka huta lafiya.
Safara'u

Tarauni, Kano.

Maman Ummi,

Wa alaikumus salam. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Mu'azu, ya raya abin da ya bari.

Zan zo ranar Asabar, amma ba zan ce mai tsada ce ba. Tare muka sayo ta a Sabon Gari, kuma ita ce mafi araha a shagon. 'Yar China ce, ta masu koyo. Katakonta ba shi da nauyi, makullan da ke ɗaure tsirkiyoyinta suna sakewa bayan waƙa biyu, tana kuma ƙugi idan ta kusanci ƙwan fitila. Ba ta rasa kirki ba: wuyanta a miƙe yake, muryarta tana fita tas idan ba a ƙure ta ba. Ta fi kuɗinta, amma kuɗin kaɗan ne. Sannan Mu'azu bahago ne. Ya juya tsirkiyoyin, ya goge ƙarafunan wuyan da hannunsa, ya huda jikinta ya sauya wa maratayi wuri. Duk mai saye zai ga jita ce da aka ɓata.

Ki duba wannan. Idan na ce mai tsada ce, ta zama dukiyar Ummi da dole a sayar a ajiye mata kuɗin, kin rasa ta ke nan. Idan na ce ba ta da daraja ko kaɗan, Baba Maje ya samu abin da yake so. Hanyar da na gani ita ce in faɗi ɗan abin da ta kai, ke kuma ki aika wa Malam cewa a saka miki ita cikin tumuninki. Abin da ya zama rabonki babu mai taɓa shi.

Cewa irinta ba ta da yawa a Kano, ya yi gaskiya ta wani gefen. Babu wanda ya yi haƙurin riƙe irinta shekara da shekaru sai shi.

Na bar ki lafiya.
Sagiru

Malam Sagiru,

Salamu alaikum. Na karanta, na kuma aika wa Malam saƙon. Amma da ka tsaya a shawarar, ka bar mini sauran. Duk lokacin da ya kaɗa ta a tsakar gida, maƙwabta har leƙowa suke yi ta katanga. Ban san abin masu koyo muke saurare ba.

A gaida yara.
Safara'u

Maman Ummi,

Assalamu alaikum. Tunda ba kya zauren, ga yadda aka yi.

Da aka fito da ita, Baba Maje ya ɗaga ta da yatsu biyu ya ce, "Wannan ce ta hana ɗanmu zama mutum?" Sai Malam Zakariyya ya karɓi zancen. Ya juyo gare ni ya ce, "Malam makaɗi, idan aka cire kiɗan, me ya rage a jikinta?" Na ce katako da waya da 'yan ƙarafuna. Ya ce, "To, katako ai ana sayar da shi a kasuwa." Na faɗi kuɗinta, wani ƙanen marigayi ya yi dariya ya ce ko tayar keken Adaidaita ba za ta saya ba. Aka rubuta ta cikin tumuninki.

Baba Maje ya yarda, amma da sharaɗi biyu. Na farko, amfilifayar jitar, wato na'urar ƙara mata sauti, za ta tafi masallacin layinku sadaka ga Mu'azu, kowa kuma ya amince. Na biyu, jitar ba za ta bar zauren da tsirkiya a jikinta ba. Ya aika a kawo filaya. Na roƙe shi ya bar ni in kwance su ɗaya bayan ɗaya, don yankewa lokaci guda kan cutar da wuyan. Ya tsaya a kaina har na gama, ya naɗe su ya zuba a aljihu.

Game da takardarki: abin da maƙwabta suke leƙowa su ji, ni ma na sha gwadawa a kanta, ban taɓa samun sa ba. Ina da sababbin tsirkiyoyi. Idan kin fita takaba, Sa'adatu za ta karɓo ta in ɗaura miki, ta dawo da ita a ranar.

Allah ya ƙara haƙuri.
Sagiru

Malam Sagiru,

Wa alaikumus salam. An kawo mini ita, na naɗe ta a zane na ɗora a saman sif. Na gode. Inna ta ga takardunka, don haka wannan ce ta ƙarshe.

Ka bar tsirkiyoyinka. Idan ka ɗaura, dole ka gwada ta, wata rana Ummi ma za ta taɓa. Ba na so in ji yadda take a hannun wani.

Wassalam.
Safara'u