Buhun da Muka Sayar Ya Dawo Mana da Yashi

Zuwa ga Shugaban Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni manomi ne a Tsamaye, ƙaramar hukumar Sabon Birni. Na zaɓi in rubuto a fili ne saboda ƙorafin ɓoye ya daina ba ni natsuwa, kuma za ka ga dalili.

Na farko. Tun da rashin tsaro ya raba mu da gonakin nesa, 'yar gonar bayan gari ce kaɗai ke ciyar da gidana. Ta gaji, ba ta ba da gero sai da taki. Bana na sayar da tunkiya na sayo buhun takin zamani a shagon wani babban dila a kasuwar Sabon Birni. Ban kwance shi a gabansa ba, don a wurinmu kwance ɗinkin kamfani a gaban dattijo daidai yake da kiransa ɓarawo. Na zuba rabi bayan noman fari, ruwa ya sauka, na jira. Geron maƙwabcina ya yi kore shar, nawa yana nan rawaya kamar mai jinya. Da na jiƙa tafi guda na takin a kwano, yashi ne ya kwanta da tsakuwa mai farin fenti.

Na biyu, kuma nan ne raina ya fi ɓaci. Bara bayan kaka wasu mutane a babura sun riƙa bin ƙauyukanmu suna sayen buhunan taki da aka juye. Ba kowane suke so ba, sai wanda tambarinsa bai goge ba. Wai rumfa za a ɗinka. To me ya haɗa mai ɗinka rumfa da tambari? Matata Hajara ta sayar musu da namu, wanda ɓera ya huda a kusurwa ta ɗinke da jan zare. Ranka ya daɗe, buhun da dila ya rantse mini sabo ne daga kamfani, yana da ɗinkin jan zare a kusurwa. Hajara ce ta gani, ta ce ko cikin buhu dubu ba ta ɓatan hannunta.

Na uku. Na koma na nuna wa dila yashin da jan ɗinkin. Ya ce ƙila ni na gauraya, ya kuma tuna mini cewa ya san mahaifina. Muka kai kuka ofishinku a asirce, aka ce jami'ai za su zo duba shaguna ranar kasuwa. Sun zo, amma shagonsa a kulle, wai an tafi ta'aziyya. Ta'aziyyar ta ƙare daidai da tashin motarsu. Ban ce na san wanda ya tsegunta masa ba, na dai ce ba mu ba ne.

Don haka ina roƙo a turo masu bincike ba tare da sanarwa ba, a duba ɗakin ajiyarsa na bayan kasuwa, ba buhunan da ya jera a bakin shago ba. A sa ya ba mu taki na gaskiya kafin gero ya yi ciki, don bayan nan ko mota aka cika mini, bana ta wuce, kuma yarana ba su cin haƙuri. Sunansa kuwa za ni faɗa wa jami'inku baki da baki.

A hanzarta, don Allah. Kwanan nan wani mai babur ya yi sallama a ƙofata yana neman tsohon buhu, ya ce ko mai ɗinki a kusurwa ne zai saya da tsada. Dila kaɗai na nuna wa wannan ɗinki. Buhun yana ƙarƙashin gadon Hajara yana jiranku.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare ka daga masu daɗin baki, ya sa ka sauke nauyin nan lafiya.

Wassalam.

Naka,
Garba Manomi, Tsamaye.