Zaren da Ban Ɗaura Maka Ba

Ya Ilmari, Yayana, mijina, ruwan randata a tsakar rana, tsattsewata mai zuwa idan sanyi ya kore ta daga arewa,

Ranar Laraba ce, muna shanya sabuwar shinkafa a bakin hanya, wayata ta yi ƙara. Na goge hannu a zani na ɗauka da ɗoki, ina zaton ranar saukar jirginka za ka faɗa mini, kamar kowane Nuwamba. Ashe kiran bidiyo ne, sai ga fuskarka a kan farin matashin asibiti, ta kumbura, idanun nan masu launin sararin sama sun dushe. Ka ce ƙodarka ta gaza, sau uku a mako za a riƙa wanke maka jini, likita ya hana ka doguwar tafiya. Ka ɗaga hannu don in ga inda ake soka allura. Ba allurar na gani ba, Yayana. Wuyan hannunka na gani fayau, babu zare ko ɗaya. Ma'aikatan jinya sun sa almakashi sun yanke!

Wayyo ni Lamduan! Tun ranar nan, shinkafa ta zama yashi a bakina, kogin Mekong kuma yana wucewa ta bayan gidanmu kamar bai taɓa saninka ba.

Ka tuna zuwanka na fari? Ƙasarku ta daskare, aikinka na shimfiɗa kwalta ya tsaya, ka biyo ayarin masu gudun hunturu daga Finland, ka ɓace hanya ka faɗo rumfarmu kana neman ruwa. Rana ta gasa ka jawur. Kaka Khamphan ta dube ka sama da ƙasa ta ce, "Wa ya dafa wannan jatan lande ya bar shi yana yawo?" Na ba ka kwaɗon gwanda, na zuba barkono biyar da gangan. Ka ci kana hawaye, kana dariya, ka miƙo kwano a ƙara. Ni kuwa littafin soyayyar da ke cinyata ya zame ya faɗi ƙasa, ban ko waiwaye shi ba. Ina ruwana da jarumin takarda, ga nawa a zaune yana fifita harshe da hula?

Shekara uku kenan ina auren miji na wata biyar. Ka zo da sanyi, ka tafi da zafi, ni in zauna ina ƙirga wata kamar mai ciki. Kowace tafiya kuwa dangi su taru, a kira kurwarka kada ta maƙale a hanya, kowa ya ɗaura maka farin zaren auduga a hannu. Ka san ƙa'idarsa: ba a yanke shi, sai ya tsinke don kansa.

To ga laifin da ban taɓa faɗa maka ba, hasken idona. A watan Afrilun da ya wuce kowa ya ɗaura, ban da ni. Na roƙe ka ka ƙara mako biyu ka ƙi, ka ce aiki ba ya jira. Sai na tuna matan littattafaina, waɗanda ke juya baya su yi shiru, namiji ya jefar da jakarsa ya dawo a guje. Na dunƙule zarena a tafin hannu na shige ɗaki. Kaka ta ɗaga murya: "Ke mai littafi, fito ki ɗaura wa mijinki! Kurwa ba ta san hanyar jirgin sama ba!" Na yi kunnen uwar shegu. Ina leƙenka ta tagar katako, ka tsaya a bakin mota kana duban ƙofata, ka daɗe, sannan ka shiga. Ba ka dawo a guje ba. Kaico! Wace irin wauta ce ta sa na auna ka da mutanen da tawada ta haifa?

Kai za ka ce ƙoda ba ta san zare ba. Wataƙila gaskiyarka. Amma wa zai faɗa wa zuciyata haka ta yarda?

Yanzu kuma ka aiko mini da saƙon da ya fi cutar zafi. Wai kada in zo. Wai a garinku Oulu rana leƙowa kawai take yi ta koma, numfashi yana zama hayaƙi, furen bado irina ba zai kai mako ba. Wai ka sauwaƙe mini, in nemi mai lafiya. Daga nan ka daina ɗaga wayata. Haba Yayana! Rana ka aura ko ni? In zafin ƙasarmu kaɗai ya kawo ka, faɗa mini in sani. Ni dai ba lafiyarka na aura ba, ba kuma watanni biyar ɗinka ba. Kana zaton akwai ƙanƙarar da ta kai shimfiɗata sanyi, ga rigarka rataye a ƙusa tana rasa ƙanshinka kullum kaɗan-kaɗan? Tsattsewa sun iso, sun cika wayoyin lantarki, baƙi jajaye sun cika bakin kogi, kowace tsuntsuwa ta sami inda za ta sauka. Tawa ce kaɗai ba ta zo ba.

Na so in sa zaren a cikin wannan wasiƙa. Kaka ta riƙe hannuna ta ce, "Zare ba ya tafiya a ambulan, 'yar nan. Hannu ke ɗaura shi." Ta kaɗa sabon zare da kanta, ta haɗa da nawa na Afrilu, wanda gumin tafina ya rina.

Ina tsoron sanyi, ba zan ɓoye maka ba. Ban taɓa sa takalmi sau-ciki na yini guda ba. Na sayi rigar sanyi ta gwanjo a kasuwar Nakhon Phanom, ta kai mini har gwiwa, Kaka ta yi dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta tafi ta bar hawayen. Littattafaina na zuba su a kwali na ba maƙwabta.

Biza ta fito. Ranar sha biyu ga Janairu jirgina zai sauka a Oulu da ƙarfe biyu na rana. Ko ka aiko a tarye ni ko kada ka aiko, ina da sunan asibitin a rubuce. Ka tanadar mini hannun da ba a soka wa allura.

Taka a zafi, taka a ƙanƙara, har zaren raina ya tsinke don kansa,

Lamduan