Rigar Dalma

Maigidana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya aiki, ya zaman kaɗaici? Ina fata ciwon bayan nan ya sake ka. Mu nan lafiya lau, Inna tana sa maka albarka.

Albishirinka, an tura ni sashen zuciya, ɗakin da ake zura siririn bututu ta jijiyar hannu har ya kai zuciya, likita na bin tafiyarsa a allo. Shi ne aikin koyo na ƙarshe a karatunmu na jinya. In ban kammala shi ba, babu ni babu jarabawar bana. 'Yan ajinmu gudun ɗakin suke yi, ni kuwa da bakina na roƙa.

Da hasken eksire ake aikin, don haka kowa sai ya sa rigar dalma mai tare hasken, nauyinta kamar goyon ɗan yaye. Tuni na fara atisaye, da jakar littattafai a bayana nake wanke-wanke. Inna kuma ta shiga uku, don a ƙafafunta nake koyon laluben bugun jini, da ta hango ni sai ta cusa ƙafafu cikin zane.

Taka,
Sarkin Rigima

Maigidana,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya. Kafin ƙanwarka ta kai maka da gishirinta, gara ka ji daga bakina: na faɗi. Ranar da aka zaga da mu ɗakin, Sista babba ta ɗaura mini rigar, tana cikin nuna mana maɓallan gado sai na ga duhu. Na farka a ƙasa ana yi mini fifita da fayil.

Yanzu 'yan aji cewa suke jini ne ya tsorata ni. Ni da na yi wata guda a ɗakin haɗari ban ko runtse ido ba! Raina ya ɓaci ƙwarai. Sista dai ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallona, ta ce ba zan sake taka ɗakin ba sai an gwada jinina. Su gwada, ni na san ƙalau nake.

Taka har kullum,
Sarkin Rigima

Maigidana,

Ya gajiya? In a tsaye kake, nemi wuri ka zauna.

Sakamako ya fito. Ba tsoro ba ne, ciki ne da ni. Na yi murna har da hawaye, daga baya na shiga damuwa, don hasken ɗakin nan ba abin wasa ba ne ga ɗan tayi. Makaranta ta ce in haƙura sai baɗi. Na ce ban yarda ba, na koma wurin Sista na zayyana mata duk aikin da ɗaliba ke yi ba tare da ta kusanci hasken ba: shirya majiyyaci, lura da allo daga bayan gilashin kariya, danne jijiya bayan an zare bututu. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, “Bakinki ya fi ƙafafunki ƙarfi. Ki zo ran Litinin, amma in kika tsallake gilashin nan, ni da ke ne.”

Kafin in tafi ta ja ni ɗakin hoto, ta ɗora mini na'ura a mara, ta juyo allon wajena. Wani ɗan ɗigo ne, bai kai ƙwayar wake ba, yana ta bal-bal da sauri. Duk karatun da na sha don in iya kallon zuciyar mutane, ta farko da na gani a sashen nan ta ɗanka ce.

Ka nemi hutu ka zo ka gani da idonka.

Taka,
Sarkin Rigima, mu biyu