Sharaɗin da Najwa Ta Sa Na Rubuta

Litinin, 2 ga Oktoba 2023

Ana sanar da al'ummar Musulmi, gabas da yamma, cewa yau Ustaz Abdulmuttalib, malamin fiziya mai ritaya, ya sha shayi babu sukari kuma bai mutu ba.

'Yata Najwa ce ta dafa mini. Wata biyar ke nan da yaƙi ya koro ta daga jami'a a Khartum, ta dawo ƙauye da akwati ɗaya, rabinsa takardu. Tun rasuwar uwarta gidan bai yi motsi haka ba.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Saƙo ya zo mata ta waya. Wata jami'a a Italiya ta ba ta gurbin digirin dakta, kyauta, in ta isa kafin ƙarshen Janairu. A kan me? Nazariyyar tsirkiya. Wai ni da jakin maƙwabci da taurari duk an yi mu ne da 'yan tsirkiyoyi masu rawa, ƙanana har babu na'urar da za ta gan su. Wai kuma bayan tsawo da faɗi da zurfi da lokaci akwai wasu fuskoki shida a naɗe. Na ce in an same su a aro mini ɗaya in ɓoye dawa.

Ba za ta tafi sai da izinina. Ban ba ta ba. Shekara ashirin da shida ina gaya wa yara abin da ba a iya gwadawa ba ilimi ba ne. Da likitanci ne, da wata magana.

Juma'a, 27 ga Oktoba

Mun yi gardama a hawasha, gonarmu ta ban-ruwa, muna buɗe wa dawa ruwa. Na ce mutanenta masu tsirkiya duk sanda babbar na'urar Turai ta duba ba ta ga komai ba, sai su ce a gina wadda ta fi ta. Ba ta musa ba. Ta ce gaskiya ne babu gwaji tukuna, amma lissafin da kansa ya fito da ƙarfin da ke jan abu ƙasa, ba wanda ya roƙe shi. Na ce lissafi mai kyau ba shaida ba ne. Ta ce kyansa dalili ne na a ci gaba da dubawa.

Sai ta juyo. "Baba, kai ka ce yaƙi ba zai zo nan Jazira ba. Wannan ma nazariyya ce. Mi zai faru ka yarda ka yi kuskure?"

Na ce in masu bindiga suka wuce garin Kamlin da ke arewa da mu. Ta sa na rubuta. Ga shi na rubuta.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Musbahu mai lori zai kai albasa Gadarif jibi, daga can akwai motar Fort Sudan, inda jirgi ke tashi. Ya ce akwai wurin Najwa a gaba, kusa da matarsa. Na ce a bari a girbe dawa.

Lahadi, 10 ga Disamba

Masu gudu daga ƙauyukan arewa sun cika makarantarmu. Wata tsohuwa tana girki a inda nake ajiye ma'aunin zafi. Sun ce an ga motocin masu bindiga kudu da Kamlin.

Najwa ta miƙo mini littafin nan a buɗe. Na ce wannan sintiri ne kawai, ba wucewa ba. Abin dubawa shi ne Madani, babban birnin Jazira. Ta ce, "Khalas, shi ke nan, Ustaz. A gina wadda ta fi ta." Ta tafi wanki.

Talata, 19 ga Disamba

Madani ta faɗi.

Alhamis, 21 ga Disamba

Hanyar Gadarif ta rufe. Kasuwar Haj Abdalla ba ta ci ba. Ƙanwata Huseina za ta bi amalanken jaki da 'ya'yanta zuwa wajen dangin mijinta a Abu Na'ama. Na ce Najwa ta bi su. Ni zan tsaya, wani ya kula da gida da kabarin uwarta. Ba ta yi mini gori ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce in riƙa shan maganin hawan jini. Takardun sun yi wa jaki nauyi, aka bar su.

Laraba, 10 ga Janairu 2024

Masu bindiga sun shigo ƙauye da hantsi. Sun tafi da lorin Musbahu da dawa buhu tara. Musbahu ya riƙe ƙofar motar. Mun yi masa sutura bayan la'asar.

Talata, 30 ga Janairu

Na hau gefen babban magudanar ruwa na samu layin waya. Najwa tana lafiya, tana koya wa yaran 'yan gudun hijira lissafi a ƙarƙashin bishiya. Fasfonta ya kusa ƙarewa, ofishin sabuntawa yana can inda ba ta iya zuwa. Jami'ar ta ba wani gurbin. Ta faɗa kamar tana gaya mini kuɗin tumatir. Na buɗe baki, layin ya yanke.

Litinin, 19 ga Fabrairu

Sati biyu babu waya ko'ina. Ban san ko tana can ba.

Ina karanta takardunta, tun da babu aikin yi. Shafi bakwai a kwana tara, kuma na bakwai ya fi ƙarfina. Har yanzu ban ce tsirkiyar nan gaskiya ce ba. Ita ma ba ta taɓa cewa haka ba, yanzu na lura. Dubawa kawai ta nemi zuwa yi.

Kuma da likitancin ne ma, ina jin da na samo wani dalili. Gidan ne ba na so ya koma shiru.

Ni na yi kuskure.