Sanda Biyu a Hannun Yaya

Zuwa ga ƙanwata Nurgaisha,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya a Almati, ke da maigidanki da yara. Mu ma muna nan. Shanu lafiya, hannuna ne kawai yake tsagewa saboda sanyi.

Kin ce ba ki san yadda abin ya faru ba. Ina zuba shayi da la'asar na hango Yaya, wan maigidana Kairbek, yana saukowa riƙe da sanda biyu. Kowa sanda ɗaya yake riƙewa idan ya ɗaura katakan tafiya kan ƙanƙara. Ya jingine ɗayar a bango, bai shigo ba. A nan na gane. Na ƙarasa zuba shayin, har na sa madara da gishiri.

Kwana uku ƙanƙara tana zuba, ciyawar gida ta kusa ƙarewa, shi ne su biyun suka hau dutse su buɗe hanya zuwa tarin busasshiyar ciyawarmu da ke saman kwari. Ƙanƙarar gefen dutsen ta zaftaro ta rufe Kairbek. Mazan gari sun yi kwana biyu suna tono, sannan suka ce sai ta narke. Mata sun cika ɗaki suna kuka, ni kuma ina ta miƙa musu baursak, soyayyen burodin nan namu. Har yau hawayen bai zo ba, ban san me ya sa ba.

Maƙwabta sun ba ni ciyawar da za ta kai mako uku, su ma ba su da ita. Gwiwar Yaya ba za ta iya jan kaya shi kaɗai ba, don haka dole in hau da kaina. Kin tuna Kairbek ya fara sassaƙa mini nawa katakan tafiyar, yana tsokanata wai matar da ta yi shekara talatin a gindin dutse ba ta taɓa hawa ba, tukunya ce? Ɗaya kawai ya lulluɓe da fatar ƙwaurin doki, wadda gashinta ke barin katako ya zame gaba amma ya hana shi komawa baya. Na ɗauki ƙusoshi na gama ɗayan da kaina, ashe na juya kwanciyar gashin. Da na taka, ƙafa ɗaya ta zame gaba, ɗaya ta kafe, na kife. Yaya ya yi dariya har yana tari, ya ce ko saniya ta san inda gashinta ya kwanta, amarya. Shekara talatin, har yanzu amarya yake ce mini. Sai ya juya baya ya daɗe yana gyara hula. Na cire ƙusoshin na sake bugawa.

Kullum da safe yana fita da ni, ko ana iska. Ya ce iskar ba za ta tambayi izinina ba ranar da zan hau. Ƙanƙarar kamar gari take, tana kai mini ƙirji. Yana ta ihu in jingina da sandar ta baya kamar mai zama a kujera, in daina kallon ƙafata, ba kuɗi na yar ba. Jiya iska ta taso, sama da ƙasa suka zama abu ɗaya, na faɗi na nutse gaba ɗaya a cikin ƙanƙarar. Ta cika mini baki. Nurgaisha, shiru ne a ciki, ba ma sanyi sosai. Na kwanta na ce ashe nan Kairbek yake. Ban ji komai ba. Sai da Yaya ya zungure ni da sanda, ya ce shanun nan shi ba zai tatse su ba, sannan na tashi.

Ki gaishe mini da maigidanki Tolegen, da yaran, Aizada da ƙaramarsu Moldir. Kada ki zo yanzu, hanya a rufe take.

Na iya kaiwa itatuwan da ke rabin hanya, ban wuce nan ba. Ba a yi wa Kairbek wanka ba, ba a yi masa salla ba. Ciyawar tana can sama, shi ma yana can, ban sauko da ko ɗaya ba.

Yayarki,
Zauresh