Ta'aziyyar Macen Kowane Kwamiti

Cikin alhini da mutuwar jiki, Ƙungiyar Mata Injiniyoyi da Masana Kimiyya ta karɓi labarin rasuwar uwarmu kuma shugabarmu ta farko, Hajiya Farfesa Injiniya, wadda ɗalibai da ma'aikata suka fi sani da Innar Lantarki, bayan gajeriyar jinya a asibitin da aka kai ta kai tsaye daga ɗakin taro.

Marigayiya ita ce mace ta farko da ta zama farfesa a tsangayar injiniya ta jami'armu, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ba a yi ta biyu ba. Lokacin da aka kafa dokar cewa kowane kwamiti sai da mace mai babban matsayi a ciki, mun yi murna, mun zaci za a ƙara wa mata girma. Ashe hukuma ta hango hanya mai sauƙi. Kwamitin ɗaukar ma'aikata, ita. Na ladabtarwa, ita. Na sayen kujeru, ita, har da na tarbar baƙi, inda aikinta bai wuce tsayawa a tsakiya a ɗauki hoto ba. Takan ce mana, tana dariya, wai ta zama gishiri, kowace tukunya sai an barbaɗa ta.

Abin da ta so a ranta shi ne batirin da zai riƙe wutar hasken rana a ƙananan asibitoci, don kada allurar rigakafi ta lalace a firji. Yana nan bisa teburinta ba a gama ba, wayoyi a warwatse, farar rigarta rataye a ƙusa. Ɗalibanta a bakin ɗakin taro suke tare ta, takardunsu kuwa a cinya take duba su ƙarƙashin tebur. Sau da dama ta nemi a ƙara wa mataimakiyarta, Dakta, girma, aka rinjaye ta a ƙuri'a, sannan aka rubuta cewa da mace aka yanke hukuncin. Wannan ya fi komai ci mata rai.

Ba mu tashi daga gidan makoki ba sai ga waya daga ofishin magatakarda, wai a aiko da mace ɗaya ta zauna a kwamitin shirya taron tunawa da marigayiya, har da ambaton Dakta. Mun gaji, wallahi mun gaji. Ƙungiya na sanar da hukuma cikin girmamawa cewa Dakta ba za ta zo ba, tana ɗakin gwaji, za ta ƙarasa batirin.

Muna miƙa ta'aziyya ga maigidanta, Alhaji, da 'ya'ya da jikoki, waɗanda suka ara mana ita shekara da shekaru ba mu mayar ba. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta, Ya ba ku juriyar wannan babban rashi.

Duk wanda ke neman mace a kwamitinsa, ya ƙara wa mata girma. Ɗayar da kuke da ita, mun binne ta jiya.

Sa hannu:
Injiniya, ɗalibar marigayiya
Sakatariyar Yaɗa Labarai, a madadin Ƙungiya